Shin Yahudawa sun taɓa samun ƙasa tasu kafin 1948?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san tarihi, kuma don Allah a amsa min ba da faɗa ba.

Ni gyaran waya nake yi, kuma tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a 2023 ba mu da hira a shago sai ita. Maigidana ya dage cewa Yahudawa ba su taɓa yin ƙasa ba tun da aka halicci duniya, Turawan Ingila ne suka yanka musu ta wasu a 1948, kafin nan a warwatse suke kamar 'yan ci-rani. Wani abokin cinikinmu Kirista, mutumin Kafanchan, ya ce sam ba haka ba ne, ƙasar tasu ce shekara dubu uku ba yankewa, gida kawai suka koma.

Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, a Islamiyya an karantar da mu labarin Ɗalutu, an ce Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS) sarakuna ne. To a ina suka yi sarautar in babu ƙasa? In kuma akwai ta, ina ta shiga, wa ya rushe ta, kuma yaushe?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Maigidanka bai faɗi daidai ba, mutumin Kafanchan ma haka. Sun yi ƙasa, har sau biyu in ana maganar cikakkiyar sarauta mai cin gashin kanta. Amma shekarun da suka yi suna mulkin kansu a wurin ba su kai ko kusa da waɗanda suka yi a ƙarƙashin wasu ko a baƙunci ba. Tarihi na koyar a sakandare har na ajiye alli, bari in ba ka yadda abin yake.

Wuri mafi tsufa da aka ga sunan Isra'ila a rubuce wani dutse ne na Fir'auna Marnafta, wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana bugun ƙirji wai ya gama da su. A lokacin jama'a ce kawai ba ta da sarki, wanda ya yi daidai da abin da ka karanta a Baƙara, inda manyansu suka je wa annabinsu suka ce a naɗa musu sarki. Zamanin Ɗalutu da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu ana ƙiyasta shi wajen shekara 1000 kafin Annabi Isa. Masu tonon kayan tarihi suna musu har gobe a kan girman masarautar: wasu sun ce babbar daula ce, wasu sun ce 'yar sarautar kan duwatsu ce mai fada a Kudus. Amma masu cewa Dawuda tatsuniya ne, bakinsu ya mutu a 1993, da aka tono ɓarin wani dutse a Tel Dan wanda wani sarkin Aramawa, abokin gabarsu, ya rubuta "gidan Dawuda" a kai.

Bayan Annabi Sulaimanu sarautar ta rabu biyu. Ta arewa ita ta riƙe sunan Isra'ila, daga baya fadarta ta zauna a Samariya, kuma ta fi jama'a da arziki. Ta kudu Yahuza, fadarta a Kudus. Dukansu ƙanana ne, an matse su tsakanin Masar da Assuriya, wato arewacin Iraƙi ta yau. A gidan tarihi na Landan akwai wani baƙin dutse da aka sassaƙa Yehu sarkin Isra'ila, ko manzonsa, ya durƙusa goshi a ƙasa gaban Shalmanesar na Uku, bayansa ga masu ɗauke da kayan gaisuwa. Wajen 722 kafin Annabi Isa Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe dubban mutane, ta arewa ba ta sake tashi ba. Yahuza ta sha da biyan gandu. A 701 Sennakerib ya tsare Kudus, ya rubuta cewa ya kulle sarki Hezekiya kamar tsuntsu a keji, amma zinariya da azurfa ya karɓa ya juya, bai shiga ba. Wanda ya shiga shi ne Nebukadnezzar na Babila, wanda littattafan tafsiri ke kira Bukhtanassar, za ka ji malamai na ambatonsa a farkon Suratul Isra'i. A 586 ya rushe garin, ya ƙone ɗakin ibadar da Annabi Sulaimanu ya gina, ya tasa manyan gari zuwa Babila. Ƙasa ta farko ta ƙare ke nan.

A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila ya ce wanda ke so ya koma, suka koma suka sake gina ɗakin ibadar nan, wato haikalin, wajen 516. A nan mutane ke ruɗewa. Sun koma, amma mulki bai dawo ba. Ƙaramin lardi ne mai suna Yehud a cikin daular Farisa. Iskandar na Girka ya zo a 332 ya karɓe, bayansa magadansa na Masar, sannan na Sham. Sama da shekara 400 babu sarki nasu.

Ta biyu ita ce mutanenmu ba su sani ba, don ba ta cikin ƙissoshin annabawa. A 167 sarkin Girkawan Sham, Antiyokus na Huɗu, ya hana kaciya da kiyaye Asabar, ya mai da haikalin wurin bautar gumakansa. Wani dattijon limaminsu mai suna Mattatiya, na ƙauyen Modi'in, ya shiga duwatsu da 'ya'yansa biyar suka fara yaƙin sunƙuru. Ɗansa Yahuza Makkabi ya ƙwato haikalin a 164, shi ne asalin bikin Hanukka da suke kunna fitilu har yau. Ɗan'uwansa Siman ya kai su ga 'yanci a 142. Wannan gida, Hasmoniyawa, sun yi ƙasa da sunanta ƙasa: ga soja, ga kuɗin da suka buga da kansu, ga yarjejeniya da Rum. Kada ka ɗauka salihai ne. Yohanna Hirkanus ya ci Idumiya ya tilasta wa mutanenta kaciya da shiga Yahudanci, ya kuma rushe ɗakin ibadar Samariyawa a dutsen Gerizim. Har mace ta yi sarauta, Salomi Aleksandara, shekara tara daga 76 zuwa 67. Tana rufe ido 'ya'yanta biyu suka kaure da rigimar gado, kowa ya kai kuka wurin Fomfe, janar ɗin Rumawa da ke Sham. Wanda aka kira rabon faɗa shi ya cinye gadon, ya shiga Kudus a 63. Ka lissafa, shekara 80 ne ba ɗaya.

Za a ce maka ai Hirudus ya yi sarauta daga 37 zuwa 4. Ya yi, amma Rum ce ta naɗa shi. Sarki ne irin namu na zamanin En'e: sanda a hannunsa, dogarai a bayansa, haraji yana shiga, amma maganar ƙarshe tana gidan Razdan. Shi kansa jikan Idumiyawan nan ne da aka shigar da ƙarfi. Shi ya faɗaɗa farfajiyar haikalin da manyan duwatsu, kuma katangar da kake ganin Yahudawa na addu'a a gabanta, wadda mu ke kira bangon Buraƙa, ragowar aikinsa ce.

Sau biyu suka yi wa Rumawa gagarumar tawaye a ƙasar. Ta farko daga 66 miladiyya, janar ɗin Rumawa Titus ya murƙushe ta a 70 ya ƙone haikali na biyu. Har yau a birnin Rum akwai ƙofar tunawa da nasararsa, an sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin fitila mai rassa bakwai a kafaɗa. Ta biyu ita ta fi ba ni sha'awa, ta Bar Kokhba, 132 zuwa 135. Mutumin nan ya kafa gwamnati ta gaske na shekara uku. Ba shi da ma'aikatar narka azurfa, sai yaransa su ɗauki sulen Rumawa su goge fuskar Kaisar, su buga nasu tambarin a kai, hoton haikali ko bishiyar dabino da rubutun 'yancin Kudus. Wasu sulallan in ka ƙura ido za ka hangi inuwar kan Kaisar a ƙarƙashi. A 1960 da 1961 aka tono wasiƙunsa a wani kogo kusa da Tekun Gishiri. A ɗaya yana neman a aiko wa sansaninsa ganyen dabino da lemo na bikin idi. A wata wasiƙar da aka samu a wani kogon yana yi wa kwamandansa barazanar sa masa mari a ƙafa. Sarkin Rum Hadriyan ya tara runduna ya gama da su, ya hana Bayahude shiga Kudus, ya sa wa garin Iliya Kafitolina, lardin kuma Suriya Falasɗina.

Daga 135 zuwa 1948 shekara 1,813 ne, babu ƙasar Yahudawa a wurin. Sai dai ba a taɓa rasa Yahudawa a ƙasar ba. Malamansu sun koma Galili da Tabariyya, a can suka tattara wasu manyan littattafan shari'arsu, daga baya kuma akwai unguwanninsu a Safad da Halil da Kudus, amma tsiraru ne. Mafi yawan mazauna suka zama Kiristoci, sannan Musulmi masu magana da Larabci, kuma da yawansu jikokin tsofaffin mutanen ƙasar ne, ba daga Hijaz aka kwaso su ba.

Abu Sumayya:

Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Amma ina da ja.

Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu annabawan Allah ne, a kan tauhidi suka yi mulki, mu ne muka fi cancanta da su. Ban yarda a lissafa sarautarsu a asusun mutanen da suka kafa tasu a kan kabilanci ba, da yawansu ma ko Allah ba su yarda da shi ba. Sannan in tsufa ne hujja, ai Kan'aniyawa suka tarar a wurin, littafinsu da kansa ya faɗa.

Baba bai kuma faɗi abin da ya kamata matasa su sani ba. Rumawa sun hana Yahudawa zama a Kudus kusan shekara 500. Wa ya buɗe musu? Sayyidina Umar (RA), bayan garin ya miƙa wuya wajen 638. 'Yan Salibiyya suka zo a 1099 suka karkashe Musulmi da Yahudawa tare, Salahuddin ya ƙwato garin a 1187 suka sake dawowa. Da Sifaniya ta kore su a 1492, Sarkin Musulmin Turkiyya ne ya karɓi da yawansu. Ga shi yau da abin da aka saka mana.

Kuma a san cewa sun yi mulki a wasu wurare, ba a ji daɗi ba. A Yaman sarakunan Himyar sun shiga Yahudanci, na ƙarshensu Zu Nuwas shi ya halaka Kiristocin Najran wajen 523, malamai da yawa sun ce su ne Ashabul Ukhdud na Suratul Buruj, sai da Habasha suka ƙetaro teku suka kawar da shi. Ni dai abin da na ji, Yahudawan Turai duk jikokin Khazar ne, Turkawa da suka tuba suka shiga addinin, ba su da alaƙar jini da Bani Isra'ila ko kaɗan.

Mama Saratu JP:

Salama gare ku duka. Ni ba malama ba ce, abin da idona ya gani zan faɗa, don na je ziyarar Urushalima, wato Kudus, da 'yan ikilisiyarmu.

Ɗana Ɗan Kurna, sarki Hezekiya da Baba ya ambata, na shiga ramin ruwan da ake dangantawa da shi. An fafe dutse ne daga maɓuɓɓugar Gihon zuwa tafkin Siluwam, mita 533, don gari ya sami ruwa in abokan gaba sun kewaye shi. Ruwa mai sanyi har gwiwa, duhu ƙirin, kowa da tocila, wani wurin sai ka sunkuya, kafaɗunka na gogar bango dama da hagu. Ina tafe ina riƙe da zanen wadda ke gabana. A jikin bangon kana ganin sawun diga, kuma a tsakiya sawun ya juya fuska, don ƙungiya biyu ce ta yi haƙan, ɗaya daga kowane baki, suka haɗu a ciki. Rubutun da ya ba da labarin haɗuwar an cire shi tun zamanin Turkawa, yana Istanbul. Wanda ya taka wurin nan ba zai ce ba a taɓa yin sarauta a garin ba.

Amma zan faɗa wa 'yan'uwana Kiristoci ma. Da yawanmu mun je da tunanin cewa Isra'ilar da ke cikin labarai ita ce ta Littafin Sarakuna. Ranar da muka nufi Baitalami sai ga katangar kankare da ta ninka tsayin gida, ga sojoji, ga shinge. Masu sayar mana da gicciyen itacen zaitun a can Larabawa ne Kiristoci, Falasɗinawa. Wata tsohuwa ta ce min Urushalima ba ta fi tafiyar minti ashirin ba daga ƙofarta, amma sai da takardar izini take zuwa sujada, ni kuwa da na fito daga Najeriya na wuce ba wanda ya tsayar da ni. A mota kowa ya yi tsit har muka isa masauki.

Ɗan Kurna:

Na gode iyayena. Baba, saura guda. In shekara dubu ɗaya da ɗari takwas babu ƙasar, me ya tayar da maganar? Kuma maigidana ya yi gaskiya ke nan da ya ce aikin Ingila ne?

Tsohon Hedimasta:

Bari in fara sallamar Malam Abu Sumayya. Maganar Sayyidina Umar da Salahuddin da Zu Nuwas duk haka take, har ma ka bar ɗaya: gidan sarautar Adiyabin, wajen Irbil ta Iraƙi, ya shiga Yahudanci a ƙarni na farko. Ta Khazar ce zan ƙi maka. An ruwaito manyansu sun shiga addinin wajen ƙarni na 8 ko na 9, amma binciken jini da aka yi ya nuna asalin Yahudawan Turai gauraye ne na Gabas ta Tsakiya da kudancin Turai. Kuma kusan rabin Yahudawan Isra'ila iyayensu daga Maroko da Iraƙi da Yaman da Iran da makamantansu suka fito. Haƙƙin Bafalasɗine ba ya bukatar a jingina shi da abin da bai tabbata ba. An tarar da shi a gonarsa, ya ishe shi hujja.

To ɗana, duk tsawon shekarun nan suna addu'ar komawa, suna rufe bikin idinsu da fatan baɗi a Kudus, amma malamansu sun tafi a kan cewa sai Almasihu ya zo, ba a kafa ƙasa da hannu. Abin da ya canja lissafi a Turai ya faru. Ƙarni na 19 zamani ne da kowace ƙabila ke neman tuta tata, Girkawa, Italiyawa, Sabiyawa. Sai aka kashe sarkin Rasha a 1881, aka huce a kan Yahudawa, ana ƙona unguwanninsu. Miliyoyi suka gudu, mafi yawa Amurka, 'yan kaɗan suka nufi Falasɗinu daga 1882. Tiyodo Hazil, ɗan jarida a Biyana wanda ko addinin bai dame shi ba, ya ga yadda aka yi wa hafsan soja Bayahude, Dreyfus, sharrin cin amana a Faransa, ya fitar da ɗan littafinsa na neman ƙasar Yahudawa a 1896, ya tara taron farko na Sahayoniya, wato masu fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, a Basel a 1897. A 1901 ya gana da Sarki Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa, ba tamu ta Sakkwato ba, da tayin taimaka wa daular da bashin da ya yi mata katutu. Bai samu ƙasar ba. A 1903 Ingila ta yi masa tayin wani yanki a Afirka ta Gabas, ana cewa shirin Uganda amma wurin yana cikin Kenya ta yau, suka yi watsi da shi a 1905. Ka ga da ƙaddara ta juya, da maƙwabtanmu ne ke wannan kuka.

Ba duk Yahudawa suka bi shi ba. Malaman gargajiya da yawa sun ce saɓo ne, har yau akwai irinsu Neturei Karta da kake gani a zanga-zanga da tutar Falasɗinu. 'Yan ƙwadago na Bund suka ce inda aka haife mu nan za mu nemi haƙƙi. Rasha ta Stalin ma ta yanka musu wani lardi, Birobijan, can iyakar Sin a 1934, bai yi kasuwa ba.

Inda maigidanka ya kama gaskiya shi ne 1917. Ranar 2 ga Nuwamba ministan harkokin wajen Ingila, Balfo, ya aika wa Lod Rothschild, wani jigon Yahudawan Ingila, 'yar wasiƙa, zuciyarta kalma 67 da Turanci, cewa gwamnati na goyon bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, muddin ba a tauye haƙƙin zaman jama'a da na addini na al'ummomin da ba Yahudawa ba. Waɗannan da ko sunansu ba a kira ba su ne tara cikin goma na mutanen ƙasar, kuma ba a ambaci haƙƙinsu na siyasa ba. Ranar da aka rubuta ta ma Ingila ba ta riƙe da Kudus, sai a Disamba Janar Alenbi ya shiga. Kafin nan ta yi wa Sharif Husaini na Makka alkawarin ƙasar Larabawa, ta kuma raba yankin a ɓoye da Faransa a 1916. Bayahude ɗaya tilo da ke cikin majalisar ministocin, Edwin Montagu, shi ya fi kowa adawa da wasiƙar.

Ƙidayar 1922 ta sami mutum kusan 757,000, Yahudawa wajen 84,000. Sun kuwa duƙufa ga ginin ƙasa tun ba a ba su ba, kuma wannan ne ba a son faɗa a majalisunmu: ƙungiyar ƙwadago, asusun sayen fili, jami'a a 1925, rundunar Hagana, da farfaɗo da Ibrananci ya koma harshen kasuwa da makaranta. Filaye da yawa sun saya ne daga attajiran da ke zaune a waje, kamar gidan Sursuk na Bairut da suka sayar da kwarin Marj Ibn Amir, aka tashi manoman da suka gaji noman wurin. Jini ya zuba a 1929, aka kashe Yahudawa 67 a Halil kaɗai, Larabawa ma sama da ɗari suka mutu, galibi da harsashin 'yan sandan Ingila. Hitila ya hau a 1933, ƙaura ta ninka. Larabawa suka yi tawaye daga 1936 zuwa 1939, Ingila ta murƙushe su ta kashe ko ta kori shugabanninsu, raunin da bai warke ba har 1948. Sai kuma ta juya a 1939 ta ce Yahudawa 75,000 kawai za su shiga cikin shekara biyar, daidai lokacin da kowace ƙofa ke rufe musu. Aka kashe miliyan shida a Turai. Wannan ya faru, kada wani ya ce maka ƙarya ce.

Inda maigidanka ya kauce kuwa, ƙarshen zamansu da Ingila da bindiga aka yi shi. A Yulin 1946 ƙungiyar mayaƙan Yahudawa ta Irgun ta tarwatsa otal ɗin Sarki Dawuda, inda ofishin gwamnatin Ingila yake, mutum 91 suka mutu. Ingila ta gaji ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 aka kaɗa ƙuri'ar raba ƙasa: 33 sun yarda, 13 sun ƙi, 10 sun ƙaurace, har da Ingila. Amurka da Tarayyar Sobiyet, da ba sa ga-maciji, suka tsaya layi ɗaya. Yahudawa a lokacin kashi ɗaya cikin uku ne na jama'a, filin da suka mallaka bai kai kashi 7 cikin ɗari ba, aka ba su kusan 56, ko da yake babban ɓangarensa hamadar Naƙab ce. Suka karɓa, Larabawa suka ce ba su ga dalilin da za a biya bashin Turai da gonarsu ba.

Yaƙi ya fara tun kafin Ingila ta fita. Kisan da aka yi wa Larabawan ƙauyen Deir Yasin a Afrilun 1948 ya firgita ƙauyuka. Ranar 14 ga Mayu jagoran Yahudawan, Ben Guriyon, ya shelanta ƙasar a Tel Abib, minti 11 da fara aikinta Amurka ta amince da ita, washegari sojojin Masar da Jodan da Siriya da Iraƙi da Labanan suka shigo. Da aka tsagaita a 1949 Isra'ila na riƙe da kashi 78, Jodan ta ɗauki Gaɓar Yamma, Masar ta riƙe Gaza, ƙasar Larabawan da aka zana a takarda ba a kafa ta ba. Falasɗinawa sama da 700,000 aka kora ko suka gudu, aka hana su dawowa, ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. Ita ce Nakba, kuma mafi yawan mutanen Gaza na yau zuriyarsu ce. A 1950 aka yi dokar da ta ba kowane Bayahude a duniya damar zuwa ya zama ɗan ƙasa. Cikin 'yan shekaru aka kwaso wajen 49,000 daga Yaman, sama da 120,000 daga Iraƙi, inda suke zaune tun zamanin Bukhtanassar, da yawansu an ƙwace musu dukiya kafin su fita. A 1967 Isra'ila ta mamaye sauran kashi 22 ɗin.

Ra'ayina, tun da ka tambaya, ƙasar 1948 sabuwa ce, da kayan aikin zamaninta aka gina ta: kishin ƙabila irin na Turai, inuwar Ingila, bala'in Hitila, ƙuri'ar Majalisa, da nasarar yaƙi. Tsohon tarihin shi ya sa suka nufi wurin maimakon Kenya, amma ba shi ya ba su ba, kuma ba ya goge takardar gonar mutumin Yafa.

Hajiya Mai Atamfa:

Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ni tambayata gajeriya ce. A ƙuri'ar nan ta 1947, ina Najeriya ta tsaya? Na tuna ina budurwa an tsare marigayi Sarkin Kano Ado Bayero a kan zuwa Isra'ila, gari ya ɗauka.

Tsohon Hedimasta:

Hajiya, ba mu da ƙuri'a a lokacin, muna hannun Ingila. Ƙasashen Afirka huɗu ne kawai a Majalisar: Masar ta ƙi, Habasha ta ƙaurace, Laberiya da Afirka ta Kudu suka yarda. Bayan 'yanci a 1960 gwamnatin tarayya ta ƙulla hulɗa da Isra'ila, Yamma da Gabas suka karɓi ƙwararrunta, Sardauna ya ce Arewa ba ta so ko da rance. Gowon ya yanke hulɗar a Oktoban 1973 tare da yawancin ƙasashen Afirka. Abin da kika tuna na 1984 ne, zamanin Buhari na soja: San Kano da Ooni na Ife, Sijuwade, suka kai ziyara alhali babu hulɗa, aka hana su fita daga masarautunsu wata shida. Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, Babangida kuma ya maido da hulɗa da Isra'ila a 1992, shi ya sa yau dukansu biyu suke da ofishin jakadanci a Abuja.